Karanta Agogo Mai Hannu da Mai Lamba a Bakin Masu Jin Hausa a Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda baligai ke karanta agogo iri biyu, wato mai hannu da mai lamba, a Maiduguri, inda Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin Barebari da Shuwa da sauran al'ummu.

2.0 Kalmomin Lokaci

Galibin kalmomin nan na aro ne: agogo daga Yarabanci, sa'a da daƙiƙa daga Larabci, awa da minti da kwata daga Ingilishi. Ita kuwa "ƙarfe" ta samo asali daga ƙarfen da ake bugawa don sanar da awa a zamanin Turawa. Kafin nan, da hantsi da azahar da la'asar ake auna yini.

3.0 Fuskar Agogo da Ginin Jimla

Hausa na da hanyoyi biyu na faɗar 3:45:

(a) ƙarfe huɗu saura kwata
(b) ƙarfe uku da minti arba'in da biyar

Misali na (a) ɗan gidan agogo mai hannu ne. Ido na ganin tazarar da ta rage wa dogon hannu ya kai 12, ba sai an yi lissafi ba. Sai dai akwai tarko: gajeren hannu ya kusa 4, don haka mai gaggawa kan ɗauka huɗu ta wuce. Misali na (b) kuwa karatun lamba ne zalla. Ya fi sauri, kuskurensa kaɗan ne, amma wanda ya saba da "saura" dole ya ɗebe 45 daga 60, ya kuma ƙara awa ɗaya. Bock da abokan aikinta (2003) sun bi motsin idon masu magana da Ingilishi da Holanci, suka ga ido na bin jerin kalmomin da baki zai furta. A (a) da (b) duka awa ce ke gaba, saɓanin Ingilishi da kan iya gabatar da minti.

Shigowar wayar salula a 2001 ta sa agogo mai lamba a aljihun jama'a, tare da wata sabuwar wahala: tsarin awa 24. Babu mai cewa "ƙarfe goma sha takwas" a Hausa. Mai karatu sai ya mayar da 18:00 ƙarfe shida na yamma, wanda ya yi sakaci kuwa ya karanta takwas. A garin da ya sha zama ƙarƙashin dokar hana fita tun rikicin 2009, kuskuren awa biyu na iya barin mutum a titi bayan an rufe hanya.