Yadda Kwamfuta Ke Gane Karce a Tsohon Fim

Duk wanda ya taɓa kallon majigi ya san siririn layin nan da ya kan sauko daga saman hoto har ƙasa, yana rawa. Shi ne karce. Ƙwayar yashi ce ta kan maƙale cikin na'ura, fim yana wucewa tana kartarsa. Ban da shi akwai ɗigon ƙura, wanda ya kan bayyana farat ɗaya ya ɓace.

Fim jerin hotuna ne, guda 24 cikin ko wane sakan. Watau fim na awa ɗaya da rabi yana da hotuna 129,600. Wa zai iya duba su ɗaya ɗaya? Don haka masu gyara su kan kwafe hotunan cikin kwamfuta, su sa ta nemo ɓarnar da kanta.

Gane ƙura ba wuya. Kwamfuta ta kan gwada hoto da na gabansa da na bayansa, bayan ta yi lissafin motsin mutane da dabbobi. In ta ga tabo a hoto ɗaya kaɗai, ta san ƙura ce, sai ta ɗebo launi daga maƙwabtansa ta cike gurbin.

Karce kuwa ya fi wuya, gama ya kan zauna kusan wuri guda cikin hotuna masu yawa a jere. Sai kwamfuta ta nemi layi siriri a tsaye, wanda ya fi gefensa haske ko duhu. To, ai falwaya da igiyar guga da mashin mahayi duk haka su ke! Dabarar ita ce a lura da motsi. In mai ɗaukan hoto ya juya kyamara, falwaya ta kan tafi tare da gidaje da itatuwa, amma karce ba ya binsu, domin a jikin fim ya ke.

Duk da haka kwamfuta ta kan yi kuskure, ta shafe abin da ke na gaskiya. Shi ya sa tilas mutum ya bi bayanta yana dubawa, kada garin neman gira a rasa ido.

Wannan aiki ya shafe mu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an gyara shi da kwamfuta, aka nuna shi a Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Mu da za mu koyar da yara, ya kamata mu san darajar tsofaffin finafinai, gama cikinsu ne almajiranmu za su ga tufafi da kasuwanni da fuskokin mutanen da.