Ƙurar Azurfa A Aikin Haƙori: Ina Iyakar Amincinta?

Likitoci sun daɗe da sanin cewa azurfa na kashe ƙwayoyin cuta. Tun wajen 1881 wani likita Bajamushe, Carl Credé, ya riƙa ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon jarirai domin tsare su daga makanta. A wajen 1970 kuma Japan ta fito da wani ruwa mai haɗin azurfa da fuloraid, wanda ake shafa wa haƙorin da ya fara ruɓewa, ruɓar ta tsaya ba tare da an huda shi ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a so a rasa. Aibinsa dai shi ne yakan mai da wurin baƙi ƙirin, abin da ba kowace uwa ke yarda a yi wa haƙorin gaba na ɗanta ba.

Neman kauce wa wannan baƙi na cikin dalilan da suka kai masana ga ƙurar azurfa, wato azurfar da aka mayar ƙwayoyi ƙanana ainun, waɗanda ba su wuce nanomita 100 ba. Kaurin silin gashi guda kuwa ya kai nanomita dubu tamanin. A jihar Pernambuco ta ƙasar Barazil an gwada ta a bakin yara, aka ba da sakamako a 2014: ruɓa ta tsaya a yawancin haƙoran, kuma ba su yi baƙi ba. Ana kuma gwada cakuɗa ta cikin abin cike kogon haƙori da haƙoran roba.

To, amma ƙanƙantar da ta ba ta ƙarfi ita ce kuma abin tsoronta. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar, gwargwadon saurin narkewarta, ita kuwa narkakkiyar azurfa ba ta bambanta ƙwayar cuta da naman dasashi in ta yi yawa. Baki kuma ba rufaffen ɗaki ba ne. Miyau na wanke shi dare da rana, abin da ya wanko kuwa ciki ya nufa. A gwajin ɓeraye an iske azurfar da aka haɗiye tana taruwa a hanta da saifa, wadda ta kai ƙwaƙwalwa kuma ta fi daɗewa ba ta fita ba. Gaskiya ne an ba ɓerayen abin da ya ninka na likitan haƙori nesa ba kusa ba. Sai dai gwajin Barazil shekara guda aka bi yaran, alhali cikon haƙori na iya shekara goma a baki.

Akwai wata damuwar. A 2018 masana a birnin Olomouc na ƙasar Cek sun nuna wasu ƙwayoyin cuta na sabawa da ƙurar: sukan fitar da wani abu da ke dunƙule ta, ƙarfinta ya mutu.

Kada dai a haɗa wannan bincike da ruwan azurfar da ake tallatawa a kwalabe wai maganin kowace cuta. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da ingancinsa ko amincinsa ba. Wanda ya daɗe yana shan sa fatarsa na iya rinewa ta koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, kuma rinin ba ya fita da kansa ko da an daina sha.