Kason da jariri bai gada ba

Ranar suna, gwaggona takan ɗauki jariri ta rarraba shi kamar gado: hanci na uba, goshi na kaka, yatsu na dangin uwa. Ba ta barin wa yaron komai. Ashe kuwa yana da nasa kason. Kowane ɗa yana zuwa da sababbin canje-canje wajen 60 zuwa 70 a ƙwayoyin halittarsa, waɗanda babu su a jinin uwa, babu a na uba.

Tsarin gina jiki, wanda masana ke kira DNA, rubutu ne mai haruffa kusan biliyan uku, uwa da uba kowa yana bai wa ɗansa kwafi guda. Duk wanda ya taɓa kwafe littafi da hannu ya san alƙalami kan zame. A nan, harafi ɗaya ke zamewa cikin kimanin miliyan 80. Ni kam ban ga gwanin marubuci irin wannan ba.

A 2012 masu binciken kamfanin deCODE a ƙasar Aisilan suka karanta DNA na iyalai 78. Abin da suka gano: mafi yawan canjin daga uba yake. Uba mai shekara 20 kan ba da kamar 25, mai 40 kamar 65, uwa kuwa wajen 15. Dalili shi ne, mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, amma ƙwayoyin da ke samar da maniyyi tun daga balaga suke ta rabuwa, kusan duk kwana 16. Yawan kwafi, yawan kuskure.

Galibin canje-canjen ba sa cutar da kowa. Jefi-jefi ne ɗaya kan faɗa wuri mai muhimmanci. Cikin wadanni goma masu gajerun gaɓoɓi, kusan takwas iyayensu tsayinsu daidai ne, kuma canjin daga uba yake zuwa. Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda cutar rashin daskarewar jini ta bi zuriyarta har gidajen sarautar Rasha da Sifaniya, mahaifinta na da shekara 51 aka haife ta a 1819, kuma ba a san cutar a gidansu ba kafin ita.

Shekarun uwa ma na da nasu hatsarin, ban musa ba. Amma ku dangin miji, in aka haifi yaro da naƙasa, ku daina cewa daga gidan matar aka kwaso.