Idon Baƙo Daga Kudai

A Kudai, kudu da Haramin Makka, inda motocin alhazai ke tsayawa, mu kan gamu da 'yan'uwanmu haifaffun can. Kakannin waɗansunsu da ƙafa suka bar ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi ta Sudan. Jikokin nan in Allah ya kai su Kano, sai su saki baki suna kallon karofin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Rumfa, wuraren da mu fatake mu kan wuce ba waiwaye. Ganuwar birnin kuwa sai zubewa ta ke yi. To, jama'ar zongo, 'ya'yanmu ma baƙi ne a Kano. Mu kai su su gani tun da sauranta a tsaye. Allah ya ba mu iko, amin.