3.4 Manyan Ƙwaƙwalen Kwamfuta da Aikin Tace Finafinai a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda ake ɗaukar fim. A nan kuma za a dubi na'urar da ake tace shi da ita, musamman ɓangaren da ake kira furosesa. Wannan kalma aro ce daga Ingilishi, kuma wasu kan fassara ta da ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin ita ce ke aiwatar da lissafin da na'urar ke yi. Dalilin keɓe wannan yanki shi ne, a kan titin Gidan Zu da kewayensa ne ake samun ofisoshin masu shirya finafinan Hausa da ɗakunan tace su da dama, sannan ga kasuwar Farm Centre a Tarauni inda ake cinikin wayoyi da kayan na'ura.

Furosesa iri-iri ce. Akwai ta kwamfutar ofis, wadda ta isa a yi rubutu da lissafi, akwai kuma manya waɗanda aka ƙera domin aiki mai nauyi, kamar tace fim da zanen gine-gine. Babban abin da ya bambanta su shi ne yawan ƙwayoyin aiki da ke cikinsu. Kowace ƙwaya tamkar ma'aikaci guda ce mai iya ɗaukar nata kason. A shekarar 2017 kamfanin AMD na ƙasar Amurka ya fito da Threadripper 1950X mai ƙwaya 16, shi kuma Intel ya fito da Core i9-7980XE mai 18. A 2020 AMD ya kai 64, sannan a 2023 ya kai 96 da samfurin 7995WX, a shekarar da Xeon W na Intel ya kai 56. Haka kuma, kwamfutar gida hanya biyu gare ta zuwa ma'ajiyar wucin gadi, watau ram, alhali manyan nan suna da huɗu ko takwas.

Abin tambaya a nan shi ne, mene ne ya haɗa mai tace fim a Gyaɗi-Gyaɗi da wannan gasa? Amsar tana cikin sauyin da sana'ar ta samu. Lokacin da aka yi Turmin Danya a 1990, kaset ɗin bidiyo ake amfani da shi. Daga 2020 kuwa, finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun saba wa masu kallo da sabon kashi kowane mako. Idan aka ɗauki fim a kan hoto 25 cikin daƙiƙa ɗaya, kashi mai tsawon awa ɗaya yana ɗauke da hoto 90,000 ke nan. In kuma da ma'aunin 4K aka ɗauka, kowane hoto yana da ɗigo fiye da miliyan 8, ninki huɗu na ma'aunin 1080. Duk waɗannan sai na'ura ta bi su ta gyara launi, ta haɗa da sauti, ta matse su kafin a fitar. Da yake ana iya raba wannan aiki tsakanin ƙwayoyi, yawansu yana rage lokacin jira, kuma ga wanda ranar sakin fim ta tsare, jinkirin dare ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Ba kowane aiki ne ke rabuwa ba. Yanka da jera fitowa sun fi dogara ga saurin ƙwaya ɗaya, sannan manhajoji irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve suna ɗora wani kaso mai yawa a kan katin hoto. Saboda haka mai ƙwaya 96 ba zai ga aikinsa ya ninka na mai 16 sau shida ba.

Bayan wannan akwai matsalar wuta da zafi. An ƙayyade 7995WX a kan wat 350, ita kaɗai, ban da katin hoto da allo. A garin da ake yawan dogara ga janareta da hasken rana, wannan nauyi a kuɗin mai da batir yake ƙarewa. Zafin Kano a watan Afrilu kan kai digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, furosesa kuwa da zarar ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Ga kuma tsada: an fitar da 3990X a kan dala 3,990, kuma faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ƙara nisanta irinta daga ƙaramin ɗakin tacewa. Bisa waɗannan dalilai, a iya cewa furosesa mai ƙwaya 12 zuwa 16 tare da katin hoto mai kyau, ko tsohuwar HP Z ko Dell Precision ta gwanjo mai ɗauke da Xeon, ta fi dacewa da yawancin ɗakunan wannan yanki. Babbar kuwa sai ga kamfanin da ke tace finafinai da yawa a lokaci guda, wanda kuma yake da tsayayyiyar wuta da na'urar sanyaya ɗaki.