Yadda Ake Sanya Kalmar Sirri a Kwamfutocin Ofis Masu Ƙaramar Manhaja

Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, sannan Windows 10 a watan Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutoci da dama sun rasa kariya. Mafita ɗaya ita ce a ɗora musu manhaja marar nauyi ta dangin Linux, kamar Lubuntu ko Puppy Linux, waɗanda kyauta ne kuma ba sa buƙatar na'ura mai ƙarfi. Wannan bayani na ma'aikatan ƙananan hukumomin Rano da Kibiya ne, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibitocin karkara da suka bi wannan hanya.

A lokacin ɗora Lubuntu, manhajar za ta nemi suna da kalmar sirri, kuma a nan akwai zaɓin a riƙa shiga kai tsaye ba tare da tambaya ba. Kada a zaɓe shi. Masu gyara kan so shi don sauƙi, amma sakamakonsa shi ne duk wanda ya danna makunni zai ga jerin albashi, takardun filaye da sunayen marasa lafiya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, ta fi buƙatar lura. Tana buɗewa ne da cikakken ikon mai gida, kuma kalmar sirrin da take zuwa da ita sananniya ce a intanet. Wajibi ne a sauya ta ranar farko: a buɗe tagar umarni, a rubuta passwd, sannan a shigar da sabuwar kalma sau biyu. Ba za a ga komai a allo ba yayin rubutawa. Haka aka tsara ta, ba lalacewa ba ce.

Wajen zaɓen kalma, tsawo ya fi komai. A haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, a ƙara lamba. A guji sunan gari kamar Rurum ko Tarai, sunan ɗa, ko lambar waya, domin su abokin aiki zai fara gwadawa. Haka kuma a bar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, saboda ba kowane allon rubutu ne ke fitar da su a shafin shiga ba, sai mutum ya kulle kansa a waje.

Inda ma'aikata da yawa ke amfani da na'ura ɗaya, kowa ya samu asusunsa, a kuma rufe na wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Kalmar mai kula da na'urar a rubuta ta, a liƙe a ambulan, a ajiye a wurin shugaban sashe.

Sai dai a sani, kalmar shiga ba ta hana wanda ya sace kwamfutar karanta abin da ke ciki, in ya tayar da ita da filasha. Maganin wannan shi ne zaɓin kulle rumbun ajiya baki ɗaya, wanda Lubuntu ke bayarwa lokacin ɗorawa. In aka manta wannan kalma kuwa, babu mai gyaran da zai iya dawo da bayanan.