Burodin Giya Da Amanar Baƙo: Abin Da 'Game of Thrones' Ya Bari A Madafa

Ranar 19 ga Mayun 2019 tashar HBO ta Amurka ta nuna kashin ƙarshe na wasan kwaikwayon nan mai dogon zango, Game of Thrones, bayan ya shafe shekara takwas da kashi 73 yana riƙe da miliyoyin masu kallo. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan yadda aka rufe labarin, wasu ma har yau ba su huce ba. Sai dai akwai wani gado da shirin ya bari a madafa, wanda ba a cika tunawa da shi ba. A Amurka da Turai masoyansa sun ɗauki al'adar taruwa su kalla tare, kowa ya zo da abincin da ya kwaikwayo daga labarin. Cikin abin da ake kawowa akwai wani burodi mai gishiri-gishiri, da akan cusa masa cuku da tafarnuwa da ganyen ƙamshi, wanda ake kwaɓa shi da giya maimakon ruwa.

Ba abin mamaki ba ne labarin takubba da dodanni masu aman wuta ya kai mutane bakin murhu. George R. R. Martin, wanda daga littattafansa aka ciro shirin, marubuci ne da ba ya wuce akushi bai buɗe ba. Tun littafin farko na wannan labari da ya fito a 1996 yakan tsaya ya zayyana abin da ke gaban sarki da abin da ke hannun mai gadin iyaka, har mai karatu ya gane matsayin mutum daga abin da yake tauna. A 2012 wasu mata biyu, Chelsea Monroe-Cassel da Sariann Lehrer, suka fitar da littafin girke-girke mai suna A Feast of Ice and Fire, Martin da kansa ya rubuta masa gabatarwa, inda ya amsa cewa shi bai iya girki ba. Shekara guda bayan haka kamfanin giya na Ommegang da ke jihar New York ya fara sayar da giya mai ɗauke da sunan shirin. Gari yana gida, kwalba tana kasuwa, sai aka haɗa su a kwano ɗaya.

Yadda ake yin sa ba wuya, kuma wannan sauƙin shi ne rabin farin jininsa. Fulawa kofi uku, bakin hoda babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ɗan sukari kaɗan, sai kwalbar giya guda mai kimanin mililita 330. A juya sama-sama har garin ya jiƙe, a zuba a gwangwanin gashi, a kwarara narkakken bota a kai, a sa a wuta mai zafin digiri 190 na kusan minti hamsin. Babu murza ƙullu, babu rufe shi a jira ya tashi. Wanda bai taɓa gasa komai ba zai iya fitar da abin da zai nuna wa jama'a.

To, a nan ne nake da ja da masu cewa suna cin irin abincin mutanen da. Wannan burodi sabon yaro ne da aka sa wa rawanin kaka. Abin da ke tayar da shi bakin hoda ne, shi kuwa bakin hoda sai a 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya samar da shi, saboda jikin matarsa ba ya karɓar yisti. Zamanin da Martin ya ɗora labarinsa a kai, wato yaƙin gadon sarautar Ingila na ƙarni na 15, ya riga wannan hoda da shekara kusan ɗari huɗu. Giyar kwalba ta yau kuma, mafi yawanta an tace ta ko an ɗumama ta don kada ta lalace, saboda haka yistin da ke cikinta ya tafi ko ya mutu. Abin da take ba ƙullu shi ne ruwa, da ɗan kumfa, da ɗanɗanon tsiron sha'ir, da ɗan ɗaci. Aikin kumbura kuwa na hoda ne.

Gaskiya ne dangantakar burodi da giya tsohuwa ce. A Masar ta Fir'aunoni gidan gasa burodi da gidan dafa giya sukan kasance wuri ɗaya, kuma da su biyun ake biyan ma'aikata. A Ingila ta ƙarni na 13 doka ɗaya ce ta tsara farashin burodi da na giya. Amma abin da mai burodi ke karɓa daga mai dafa giya a wancan zamani shi ne kumfar da ke taruwa a saman randa lokacin da giyar ke tsima, domin ita ce yistinsa. Da ita yake tayar da ƙullu, ya jira sa'o'i, kamar dai yadda mai funkaso ko mai waina ke kwana da ƙullunta. Kwarara kwalba guda cikin gari don a gama a cikin awa ɗaya dabara ce ta madafar zamani.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tun da wuta tana ƙone barasar? Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, kuma ba daidai ba ce. Barasa tana tafasa a digiri 78, ƙasa da ruwa, amma idan ta gauraya da ruwa da gari ba ta ficewa gaba ɗaya lokaci guda. Jadawalin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta wallafa ya nuna cewa abincin da aka gauraya masa barasa aka gasa ko aka dafa yakan riƙe kusan kashi 35 cikin ɗari nata bayan rabin awa, kashi 25 bayan awa ɗaya, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai sauran kashi 5. Mu yi lissafi da adalci. Kwalbar da ƙarfinta kashi 5 cikin ɗari ne tana ɗauke da barasa mililita 16 da ɗoriya. In rubu'inta ya rage, mililita huɗu ke nan a burodi guda, in an yanka shi goma kowane yanki bai kai rabin mililita ba. Ba wanda zai yi tangaɗi saboda ya ci. Amma kaɗan daban, babu daban, kuma akwai mutanen da wannan bambanci ya shafe su: Musulmi, da Kiristan da ya haramta wa kansa sha, da mutumin da ya sha fama kafin ya rabu da kwalba, wanda ƙamshin kawai ya isa ya tayar masa da tsohon mikin.

Na san za a ce ai burodin da muke saye kullum ma yisti yana haifar da barasa a cikin ƙullunsa kafin a gasa. Haka ne, kuma mafi yawanta yana ficewa a tanderu. Sai dai mutum bai je kasuwa ya sayo abin maye ya zuba da hannunsa ba, kuma wannan shi ne bambancin da malamai ke kallo. Fatawa tasu ce, ban karɓe musu ba. Abin da ya dame ni ya fi kusa da tabarmar cin abinci, kuma daga cikin shirin kansa na samo shi.

Duk wanda ya kalli Game of Thrones ya san burodi yana da wani matsayi da ya wuce cika ciki. A duniyar labarin, idan baƙo ya ci burodi da gishiri a ƙarƙashin rufinka, jininsa ya haramta gare ka, naka ma ya haramta gare shi, har ya bar gidan. Wannan alkawari ne aka karya a kashi na tara na zango na uku, wanda aka nuna a Yunin 2013. Robb Stark da mahaifiyarsa Catelyn sun isa gidan tsoho Walder Frey don ɗaurin aure, aka miƙa musu burodi da gishiri suka ci, hankalinsu ya kwanta, sannan aka rufe ƙofa aka yi musu kisan gilla ana tsakiyar biki. Abin da ya girgiza masu kallo ba yawan jinin ba ne kawai, domin shirin ya saba da jini. An ci amanar wanda ya ci abincinka.

Martin ya bayyana cewa daga tarihin Sikotland ya ɗauko wannan. A 1440 an gayyaci matashin shugaban gidan Douglas da ƙanensa cin abinci a fadar Edinburgh tare da Sarki James na Biyu, wanda yaro ne ɗan shekara goma a lokacin, aka fitar da su daga wurin liyafa aka fille musu kai. A 1692 kuma, a kwarin Glencoe, abin ya juya: sojoji ne suka sauka a gidajen dangin MacDonald, aka ciyar da su kusan mako biyu cikin sanyin hunturu, sannan suka tashi da asuba suka kashe masu masaukinsu, mutum talatin ko fiye. Sama da shekara ɗari uku ke nan ba a manta ba. Bahaushen da ya ce baƙonka annabinka ba ya bukatar a fassara masa dalili.

Saboda haka akwai abin dariya, mai ɗan ɗaci, idan mutum ya gasa burodi don girmama wannan labari, ya ajiye shi gaban baƙi bai faɗa musu abin da ke ciki ba. Ɗalibanmu da ke karatu a waje da ma'aikatanmu da ake gayyata liyafa sun san wannan matsala. Burodi shi ne abin da mutum ke miƙa wa hannu ba tare da tambaya ba, lokacin da yake kaffa-kaffa da nama da miya. Mai gidan galibi ba mugunta ya nufa ba, ya yarda ne da zancen cewa wuta ta cinye komai. Kalma ɗaya daga bakinsa ta wadatar, tambaya ɗaya daga bakin baƙon ma ba rashin kunya ba ce.

Wanda kuma yake son ya gwada a gidansa, kwalbar ba dole ba ce, tun da mun ga ba ita ke tayar da ƙullun ba. Na gwada da ruwan soda mara zaƙi, burodin ya tashi sarai, sai dai ɗanɗanonsa ya yi lami, na gyara da soyayyiyar albasa da tafarnuwa da masoro. Na gwada da lemon malt, ya ba da launi mai duhu da ƙamshin sha'ir, amma zaƙinsa ya yi yawa ga burodin da ake son ci da miya, dole a cire sukari gaba ɗaya a ƙara gishiri kaɗan. Gwajin farko ma na ɓata shi ne da yawan juyawa, ya fito da tauri kamar tubali. Irin wannan ƙullu ba ya son hannu: da zarar gari ya ɓace, a tsaya.

Wanda ya fi yi mini daɗi shi ne na nono mai tsami da bakin soda ƙaramin cokali ɗaya a maimakon hoda. Tsamin nonon ne ke haɗuwa da sodar su fitar da iskar da ke kumbura ƙullun, kuma shi ke ba da ɗan kaifin da masu zuba giya ke nema. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Shi ne burodin gargajiya na mutanen Ayaland tun ƙarni na 19, kuma a Ayaland ta Arewa aka ɗauki mafi yawan shirin, har da farfajiyar gidan Stark, wadda aka ɗauka a wani tsohon gida mai suna Castle Ward.

A cikin shirin akwai wani yaro mai ƙiba, Hot Pie, wanda bai iya takobi ba, bai kuma nemi sarauta ba. Da ya ga yaƙi ba nasa ba ne sai ya tsaya a wani masaukin matafiya yana gasa burodi. Ranar da zai rabu da Arya Stark ya ba ta guda da ya yi da siffar kyarkeci, alamar gidansu, wanda da ƙyar ake gane kai da wutsiya. A zango na gaba ya sake yin wani ya aika mata, wannan karon kyarkecin ya fito sosai.